Takardar da Ka Ɓoye a Littafina

Zuwa ga Dogona, rimin da nake fakewa a gindinsa, hadarin da ya sauko mini lokacin da zuciyata ke fama da fari, sanyin idona, hasken safiyata, mijina abin tinƙahona.

Ina gaishe ka gaisuwar da na saba. Kada ka yi mamakin samun wasiƙa daga matar da kuke kwana ɗaki ɗaya. Na gwada baki, bakin ya ƙi. Duk sa'ad da na ɗaga kai zan yi maka magana mai nauyi, sai ka sunkuyo daga can sama da murmushin nan naka, ka tambaye ni, Guntuwarka, me kuma ya sami jarumin littafina yau, ni kuwa in nemi maganar in rasa. Takarda ba ta ganin murmushi, shi ya sa na zaɓe ta. Na cusa ta cikin takalminka na dama, wannan kwale-kwalen, don nan ne kaɗai na tabbata ba za ka wuce ba ka gani ba. Na san kai da karatu sai a hankali, in rubutu ya wuce layi biyar hamma kake farawa. Wannan karon ka daure. Zauna a bakin gadon da kafinta ya ƙara wa tsawo saboda kai, ka karanta har ƙasa.

Ranar Litinin na ga takardar likita.

Ka fita atisayen ƙwallon kwando da hantsi, na wanke rigunanka na shanya, sai na ji ina marmarin wani tsohon labari. Na ɗauko littafin nan mai koren bango da ke can ƙarshen kantar littattafaina, wanda na gama tun bara. Ina buɗewa ta faɗo a cinyata, an ninke ta huɗu, da hatimin wani asibiti na ƙetaren gari da ban taɓa jin ka ambata ba. Sunanka ne a sama. Kwanan watan da ke jiki ya kai wata huɗu. Yawancin kalmomin na likitoci ne, ban gane su ba, amma layukan ƙarshe ko 'yar firamare za ta gane, kuma likitan ya ja musu layi har biyu. Guringuntsin gwiwar hagu ya cinye, jijiya ta yage rabi. A daina wasa nan take, a yi aiki cikin wata guda. In aka ci gaba da tsalle a kanta, ba wanda zai yi alkawarin za ta sake ɗaukar mai ita.

Wayyo, Dogona! Duk faɗin gidan nan ka rasa inda za ka binne mini wuƙa sai cikin littafina?

Na zauna a ƙasa ina neman dalili har na gano shi, kuma dalilin ya fi takardar ciwo. Jakarka ni ke shirya ta. Aljihunanka ni ke zazzage su kafin wanki. Durowa kullum hannuna na ciki. Sai ka waiga ka ga kanta. Ka tuna ranar da na rufe wannan littafin ina share hawaye na ce na gama, ka ɗauka an gama ɗin ke nan har abada. Kai da kake maimaita bidiyon wasa guda sau goma, kana tsayarwa kana mayarwa baya don ka ga inda ƙafarka ta kuskure, bai taɓa faɗo maka a rai cewa ni ma ina komawa ba? Shekara uku da aure, ba ka san matarka tana karanta littafi sau biyar, tana kuka a shafi ɗaya duk sau biyar ɗin ba? Ashe ni kaɗai ce nake haddace ka. Na san yawan bugun da kake wa ƙwallo a ƙasa kafin ka jefa, na san yatsan da ya karkace da shekarar da ya karkace, na san in ka ciji leɓenka na ƙasa an kusa fitar da kai daga wasa. Kai kuwa ko wannan ɗan abu guda nawa ba ka riƙe ba.

Kuma a gaban kantar littattafai muka haɗu! Ka tuna? Shagon nan na kusa da tashar mota, mai fanka ɗaya da ke kuka kamar akuya. Ina ɗage a kan yatsun ƙafa, ina miƙa hannu ga layin sama, ban kai ba. Sai duhu ya rufe ni kamar girgije ya tsaya a kaina, wani hannu ya sauko daga wajen silin ya zaro littafi ya miƙo mini. Na ɗaga kai, na ɗaga, na ƙara ɗagawa, wuyana ya gaji ban kai ga fuska ba. Na ce a raina yau ga shi abin da nake karantawa ya fito fili ya same ni. Da na duba hannuna, littafin kiwon kaji ne ka ɗauko mini! Kunya ta hana ni cewa ba shi ba ne. Na tafi da shi gida, yana nan har yau, ko ɗan tsako ban taɓa kiwatawa ba.

Kai jarida ka zo dubawa ranar, ko an sa sunanka. Ba a sa ba. Ka raka ni har inda zan hau mota, mota uku ta wuce ban hau ba, kana ba ni tarihinka tun daga tushe. Yadda ka fara da bokitin da aka fasa wa gindi aka ɗaure a jikin falwaya. Yadda Yayanka mai walda ya gaji da kukan Mama a kan bokitanta, ya lanƙwasa rodi ya yi maka kwando na gaske. Yadda aka kore ka a gwaji har sau uku, wani koci ya ce iska ma za ta iya karya ka. Yadda ka samu shiga ƙungiya daga baya, ka yi kakar wasa biyu a benci har katakon ya san zamanka. Ba ka rage komai ba, har daren da ka yi niyyar barin ƙwallon kwando ka koma shagon Yaya. Na saurare ka ina jin kamar kogi ne ya buɗe mini cikinsa ina ganin duwatsun ƙasa. Na ce wannan mutumin ba shi da lungu.

Ana saura mako guda aurenmu ka gaya mini wata magana da na rubuta a bayan littafina. Ka ce a fili ana yaudarar abokin hamayya da ido, a dubi hagu a jefa dama, amma ba a yi wa ɗan ƙungiyarka haka, don in bai san inda ƙwallo za ta ba, fuskarsa za ta fasa. Ka ce daga ranar ni 'yar ƙungiyarka ce. To ga shi, abin ƙaunata, ka dubi hagu ka jefa dama, kuma ni ce na bi idonka.

Da a ce ɓoyewa kawai ka yi, da wataƙila na yi kukana na share. Abin da ke ci mini rai shi ne da hannuna ka yi aikin.

Kullum da sassafe, kafin masu shago su buɗe, muna filin makarantar bayan layinmu. Kai a bayan layi, ni a ƙarƙashin kwando. Ka jefa, in cafe, in mayar maka, in ƙirga. Ɗari biyu kafin mu dawo mu karya. Farko ƙwallon ta karya mini farce, ta kumbura mini yatsu, matan layi suna leƙe ta taga suna cewa amarya ta samu aikin gwamnati. Ban damu ba. Wace mace ce aka ba ta abin da aka ba ni? Rana tana fitowa ta bayanka, kana tashi sama kamar shaho ya bar reshe, ƙwallo tana barin yatsunka a hankali, raga tana yin ɗan sautin nan nata mai kama da numfashi. A wannan sa'ar duk duniya mu biyu ne. 'Yan kallo dubu suna da kai ranar Asabar, amma safiya tawa ce, ba na raba ta da kowa.

A watannin nan na lura tsallenka ya ragu. Me na yi? Tsokanarka na yi! Na ce tsufa ne ya kama ka tun ba ka kai talatin ba. Na ce girkina ne ya yi maka nauyi, zan rage maka cokali. Na tafa hannu ina cewa ƙara sama, Dogo, ƙara sama, kakata ma ta fi haka. Kai kuma ka yi dariya ka ƙara. Ka tashi, ka diro a kan simintin nan, dim, in ce yauwa, ɗari da arba'in. Kana sane da abin da ke cikin gwiwar, kana sane da layin da likita ya ja, ka bar ni ina ƙirga maka. Tun Litinin wannan dim ɗin nake ji. A kicin ina jin sa, in na rufe ido ina jin sa. Kowanne da muryata a bayansa tana cewa ƙara. Wane laifi na yi maka da ka mai da ni mai riƙe guduma, kai kana miƙo ƙafa? In ka dawo in naɗe ƙanƙara a tawul in ɗora maka, in tambaye ka, ka ce gajiya ce. Ni kuma sakarya in hura wa gwiwar iska kamar ta jariri, in ce ta warke.

Duk da haka na ba ka ƙofa. Ranar Litinin ɗin da yamma, da ka dawo ka miƙe a doguwar kujera, na zo da ƙanƙarar kamar kullum. Hannuna yana kan gwiwar, tana da zafi kamar dutsen guga, ta kumbura har ta fi 'yar'uwarta. Na dube ka ido cikin ido na roƙe ka ka gaya mini gaskiya, ko akwai abin da likita ya ce. Zuciyata tana addu'a: ya faɗa, ya Allah ya faɗa, in ya faɗa yanzu na yafe tun kafin ya rufe baki. Ka ja mini hanci ka ce, “Littattafan nan sun cika miki kai, Guntuwa. Lafiyata ƙalau.”

Ko ƙiftawa ba ka yi ba. Ni da nake cewa fuskarka ruwan rijiya ce, ana ganin ƙasa! Jiya da safe na ce kaina ke ciwo, ka tafi filin kai kaɗai. Ƙaryata ta farko ke nan a gidan nan, kuma a wurinka na koya.

Da rana na je shagon Yaya. Yana durƙushe a kan wata ƙofar ƙarfe, tartsatsi na tashi, warin ƙonannen rodi ya cika wurin. Ya ɗaga gilashin fuskarsa zai fara tsokanar da ya saba, wai ko na zo a ƙera mini tsani ne don in riƙa gaisawa da mijina. Da ya ga idona, ya kashe injin. Ya kakkaɓe benci da hularsa ya ce ƙanwata zauna. Takardar kawai na ajiye a gabansa. Bai ko buɗe ta ba, ya san ta. Shi ya kai ka asibitin a bayan babur ɗinsa, can nesa, don kada likitan ƙungiya ya ji. Ya ce ranar Asabar masu neman 'yan wasa daga wata babbar ƙungiya ta ƙasar waje za su zo, kuma kai suka zo gani. Ya ce akwai mai yi maka allurar kashe zafi kafin kowane wasa. Ya ce wasa ɗaya ne ya rage, daga shi za a gaya mini komai. Na tambaye shi ko wata huɗun da suka wuce su ma wasa ɗaya ne. Ya sunkuyar da kai yana murza safar hannunsa. Mutumin da ya lanƙwasa maka rodin farko, ga shi yana taya ka lanƙwasa ƙafarka, kuma na ga a idonsa shi ma ba ya barci da daɗi.

Har na miƙe zan tafi ya ce, “Shi ya ce za ki fahimta. Ya ce ke da bakinki kika ce wanda ya ɓoye ciwonsa don kada masoyiyarsa ta damu, shi ne ya iya so.”

Na koma na zauna.

Na faɗa. Ba zan musa ba. Wata rana muna cin abinci na ba ka labarin wani jarumi da ya ɓoye cutarsa har ta kashe shi, ina hawaye ina cewa wannan shi ne so, kai kana dariya kana ɗebe naman da ke gabana. Na ɗauka ba ka ji. Ashe duk surutun da na yi maka a shekara uku, wannan guda ɗaya ka tsinta ka adana, don ranar da za ka buƙace shi! To ka ji daga bakin da ya faɗa: na janye. Yarinya ce ta faɗa, wadda ba ta taɓa riƙe gwiwa mai zafi a tafin hannunta ba. A littafi ana rufe shafi da zarar an kai ga kukan, ba a nuna wadda za ta tallafe shi zuwa banɗaki shekara arba'in, ba a nuna shi zaune a bakin taga yana jin ƙarar ƙwallo daga filin makaranta yana juya fuska bango. Kuma ita matar cikin labarin ba wanda ya tambaye ta ko ta gode. Yanzu na sani, ba ta gode ba.

Kada ka ɗauka ban san girman abin da ke gabanka ba. Na sani, ya masoyina. Na san shekara goma sha shida ke tsakanin bokitin nan da ranar Asabar. Na ga yadda kake shafa daɓen katako da tafin hannu kafin a fara wasa, kamar mai gaida mahaifi. Na san irin waɗannan baƙin ba su cika zuwa sau biyu ba, kuma shekarun ɗan wasa kamar inuwar hantsi suke, kana kallo suna gajercewa. Da ka zo mini da takardar nan ranar da aka ba ka, da mun yi kukan tare, da wataƙila yanzu an yi aikin har ka fara takawa. Da ma wataƙila ka shawo kaina, don ka san ba na iya yi maka musu. Amma ka zaɓa mini ba ka tambaye ni ba. Ka yanke cewa Guntuwa ta iya cafe ƙwallo, ta iya naɗe ƙanƙara, amma ba za ta iya ɗaukar gaskiya ba.

Ni ba tsallenka na aura ba. Na rantse da wanda ya tsawaita ka ya gajarta ni, da ba ka taɓa jefa ƙwallo ta shiga ba, da haka zan so ka. Tafiyarka nake so, wannan ta raƙumi mai jan ƙafa, da nake ganewa tun daga bakin layi. Ina so in gan ka da furfura kana sunkuyawa a ƙofar ɗaki, kana mita wai magina ba su san da dogaye ba. Ina so ranar da Allah ya ba mu ɗiya ka ɗora ta a wuya ta taɓa ganyen da ba ɗan da ya taɓa taɓawa a layinmu. Me zan yi da sunanka a jarida in ba ka iya tashi ka ɗauko ta? Me zan yi da tafin mutum dubu da za su watse kafin magariba, su bar ni da kai da ƙafa ɗaya? In an yi aikin, ni ce sandarka, ai tsawona daidai ita ne. Zan wanke, zan ɗaure, zan jure fushinka da shirunka. In likitoci suka ce ka koma fili, ni zan fara ɗauko ƙwallon. In suka ce a'a, za mu nemi abin da dogon mutum yake yi da sauran rayuwarsa, mu biyu.

Yanzu ga abin da zan yi, kuma ina gaya maka tun kafin in yi, don ni ba zan bi ta bayanka ba.

Gobe Alhamis da ƙarfe tara likitan ƙungiya yana ofishinsa, wanda ke ƙarshen baranda bayan ɗakin canja kaya. Na tambaya, an tabbatar mini. Takardar tana cikin jakata, kada ka wahalar da kanka da nema. Tun takwas da rabi zan zauna a kujerar ƙofarsa. Na san abin da zai biyo baya: zai cire sunanka daga wasan Asabar, baƙin za su zo su kalli wasu su tafi, wataƙila koci ya yi fushin da ba zai huce ba. Na san abin da zan kashe. In ka zo, zan miƙa maka takardar ka shiga da ita da kanka, a matsayin namijin da ya kawo gaskiyarsa, ni ko tari ba zan yi ba. In tara ta buga ban ji takunka a barandar ba, zan tashi in ƙwanƙwasa.

Wataƙila ka daina yi mini magana. Wataƙila ka ce matarka ce ta yanke maka fiffike ana saura kwana biyu ka tashi, kuma ba zan ce ƙarya ka yi ba. Na auna wannan tun jiya, na ɗora shi a zuciyata na ga za ta iya ɗauka. Gara ka ƙi ni kana tsaye da ƙafafunka biyu. Ko shekara nawa fushin zai yi, a gidan nan zai same ni, ina dafa maka, ina jira, ban canja ba. Ka ci amanata, Dogona, ni kuwa ba zan ci taka ba, ko da riƙon nata ne zai raba ni da murmushinka.

Ka zo. Don Allah ka zo, kada ka bar ni in ƙwanƙwasa ƙofar nan ni kaɗai.

Taka jiya, taka gobe da ƙarfe tara, taka har ranar da numfashi zai ƙare,

Guntuwarka